Ko fumfunar ƙasa za ta iya cinye ledar da ta mamaye gonakin Maraɗi?

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Birnin Ƙonni ta ratsa Gidan Rumji da Maraɗi, ta wuce Cadawa da Agiye da Gazawa har zuwa Tasawa, musamman a lokacin rani bayan an kawar da amfanin gona, zai ga baƙaƙen ledoji sun maƙale a jikin sabara da kalgo da kututturen gero, iska tana kaɗa su. Da zarar an doshi gari mai kasuwa sai abin ya ƙaru, ta yadda gonakin da ke bakin gari kan koma tamkar juji. Waɗannan gundumomi uku, wato Agiye da Gazawa da Gidan Rumji, suna cikin wuraren da Jamhuriyar Nijar take tinƙaho da su wajen noman gero da dawa da wake da gyaɗa da aya da riɗi, ga kuma kiwon jar akuyar nan ta Maraɗi da ta yi suna har a ƙasashen waje. Saboda haka duk abin da ya taɓa lafiyar ƙasar noma a wannan yanki ya taɓa tukunyar miliyoyin mutane.

A 'yan shekarun nan an sha jin labarai a gidajen rediyo da intanet cewa masana kimiyya sun gano wata irin fumfuna da ke cikin ƙasa wadda take cin roba. Abin tambaya a nan shi ne, mene ne gaskiyar wannan magana, kuma me manomin Ɗan Saga ko na Cadakori zai tsinta a cikinta?

Yadda leda take isa gona

Ƙasar wannan yanki yawancinta jigawa ce, wato rairayi marar ƙarfi, kuma yawan jama'a ya sa an daina barin gona ta huta kamar yadda kakanni suke yi. Takin zamani yana da tsada, don haka manomi yakan dogara da takin dabbobi da tokar murhu da sharar gida. Da rani za a ga amalanken shanu suna ta jigilar taki daga jujin gari zuwa gona, ana zuba shi tsibi-tsibi kafin faɗuwar damina. Wannan tsohuwar dabara ce mai amfani, sai dai jujin yau ba irin na shekara 40 da suka wuce ba ne. A da abin da ke cikinsa bai wuce kashin dabbobi da ƙaiƙayi da toka da fasassun ƙore ba, waɗanda duk ƙasa takan cinye. A yau kuwa cike yake da ledar cefane da ledar ruwa da yagaggun buhuna da tsofaffin silifa. Ke nan manomi da hannunsa yake kai leda gonarsa ba don yana so ba, iska kuma ta ƙaro masa wata daga kasuwa.

Illar ba ɓoyayya ba ce. Ledar da ta nutse a ƙasa tana tare ruwan sama ya kasa ratsawa yadda ya kamata, tana kuma tare saiwar shuka. Wadda ta tsaya a sama dabbobi ne suke haɗiye ta a ƙarshen rani lokacin da ciyawa ta ƙare, musamman idan da ɗanɗanon gishiri ko mai a jikinta. Mahauta sun fi kowa sanin wannan, domin sukan yanka akuya ko saniya su tarar da dunƙulen leda a tumbinta. Irin wannan dabba takan yi ta ramewa alhali cikinta a kumbure, har ta mutu ba a san dalili ba. A ƙauyukan Maraɗi kuwa akuya ita ce asusun mace, da ita ake sayen magani, da ita ake haɗa kayan ɗakin 'ya.

Matsalar ba ta Nijar kaɗai ba ce. Wani bincike da masana a Amurka suka wallafa a shekarar 2017 ya ƙiyasta cewa daga shekarun 1950 zuwa 2015 duniya ta ƙera roba kimanin tan biliyan 8.3. Daga cikin wadda ta zama shara, kashi 9 cikin 100 kawai aka sake sarrafawa, aka ƙone kashi 12, ragowar kashi 79 kuma tana jibge a juji ko tana watse a doron ƙasa da cikin ruwa.

Ma'aikatan da ido ba ya gani

Kafin a fahimci batun cin roba, ya kamata mai karatu ya san ko wace ce fumfuna. Ita ce abin nan da yake fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, ko baƙin ƙurar da ake gani a jikin albasar da ta sha laima. Naman kaza da ke tsirowa a gindin itace da damina shi ma danginta ne. Abin da ido yake gani ɗan kaɗan ne, domin ainihin jikinta wasu siraran zaruruwa ne da suka fi gashi siranta nesa ba kusa ba, waɗanda suke ratsa ƙasa ta ko'ina.

Fumfuna ba ta da baki kuma ba ta da ciki. Idan ta sami abinci, sai zaruruwan nan su tsatso wasu sinadarai masu narkarwa, waɗanda masana suke kira inzayim, su zuba a kan abincin ya narke a waje, sa'annan ta tsotse. Da wannan hanya ce karan dawa da ganyen gawo da kashin shanu suke ruɓewa su zama taki. Akwai ma wani rukuni nata da yake iya narkar da ɓangaren itace mafi tauri, wanda ƙwayoyin halitta kaɗan ne suke iya taɓa shi. Hatta garar da take gina manyan suri noman fumfuna take yi a cikin surinta, tana kai mata tattaunannen kara da itace, ita kuma tana narkar mata da su.

Manoman wannan yanki sun daɗe suna cin moriyar waɗannan ma'aikata ko da ba su san sunansu ba. Tun daga shekarar 1983 da wani ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya fara jan hankalin manoman Maraɗi su riƙa barin tohon kututture a gona suna yi masa aski maimakon sarewa, dabarar da aka sani da sassaben zamani ta bazu, kuma ƙauyen Ɗan Saga da ke gundumar Agiye ya zama abin misali saboda kwamitocin tsaron itatuwa da mutanensa suka kafa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da fili kusan hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 a kudancin Nijar. Ganyen da waɗannan itatuwa suke zubarwa, fumfuna da gara da sauran ƙananan halittu ne suke mayar da shi abincin gero.

Me ya sa leda ta gagare ta?

Roba iri-iri ce, kuma a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Ledar cefane da ta ruwa ana yin su ne da foliyetilin, wanda aka gano a wani kamfanin sinadarai na Ingila a 1933. Buhunan saƙa da ake zuba hatsi da taki na folifirofilin ne. Gorar ruwa da ta lemo daga wani nau'i ne da ake kira PET, katifar soso da tafin wasu takalma kuma daga foliyuretan.

Idan aka duba kowace roba a matakin da ido ba ya gani, za a tarar dogayen sarƙoƙi ne, kamar carbi mai 'ya'ya dubbai. A cikin PET da wasu nau'o'in foliyuretan, akwai mahaɗai a tsakanin 'ya'yan carbin waɗanda suka yi kama da mahaɗan da ke cikin maiƙon da yake lulluɓe bayan ganye. Da yake fumfuna ta daɗe tana huda bayan ganye don ta shiga, tana da inzayim da ya dace da wannan aiki, kuma idan ya ci karo da irin wannan mahaɗi a jikin roba yakan iya tsinka shi. Ita kuwa ledar foliyetilin sarƙarta kabon ne riƙe da kabon tun daga farko har ƙarshe, babu wata gaɓa mai rauni da inzayim zai kama. Bugu da ƙari, ba ta shan ruwa, alhali fumfuna ba ta aiki sai da laima. Wannan ne ya sa karan gero yake ruɓewa a damina ɗaya ko biyu, amma ledar da aka binne tare da shi a tono ta bayan shekaru tana nan.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka abin yake tsakanin fumfuna da leda. Zafin rana da haskenta su ne suke fara tsaga bangon, domin suna sa iskar oksijin ta shiga cikin sarƙar ta karya ta nan da can, shi ya sa ledar da ta daɗe a rana take yin fari ta riƙa marmashewa. Daga nan sai zaruruwan fumfuna su maƙale a cikin tsagar, su zuba inzayim ya ƙara gutsuttsura sarƙar. Idan gutsattsarin sun yi ƙanƙanta sosai sai ta tsotse su, ta gina jikinta da wani kaso, ragowar ya fita a matsayin ruwa da iskar da muke fitarwa idan mun yi numfashi. Sai an kai wannan mataki na ƙarshe ne masana suke yarda cewa roba ta ruɓe da gaske.

Abin da bincike ya gano

A shekarar 2011 ɗaliban Jami'ar Yale ta Amurka suka wallafa sakamakon binciken wata fumfuna mai suna Pestalotiopsis microspora da suka samo a cikin tsirran dajin Amazon na ƙasar Ekwado. Sun nuna cewa tana iya rayuwa da foliyuretan kaɗai a matsayin abinci, har ma a inda babu iskar oksijin. A 2017 kuma Dokta Sehroon Khan da abokan aikinsa suka ba da rahoton wata mai suna Aspergillus tubingensis da suka tono daga ƙasar wani juji a Islamabad, babban birnin Pakistan, wadda ta ragargaza fallen foliyuretan cikin 'yan makonni a ɗakin gwaji. Ita wannan 'yar uwa ce ta kusa ga baƙar fumfunar da ke kama albasa.

A 2023 masu bincike a Jami'ar Sidni ta Ostareliya suka gwada wasu nau'o'i biyu, Aspergillus terreus da Engyodontium album, a kan folifirofilin, wato robar buhu. Sai da suka fara gasa robar da zafi ko haske ko sinadari tukuna, sa'annan nauyinta ya ragu da kimanin kashi 21 cikin 100 a kwana 30, ya kai kashi 25 zuwa 27 a kwana 90. Ita Aspergillus terreus tana da yawa a ƙasar wurare masu zafi.

To, amma ina labarin ledar cefane, wadda ita ce ta fi damun manomin Gazawa? A nan labarin bai yi daɗi sosai ba. A shekarar 2023 wata cibiyar bincike ta ƙasar Suwizalan ta gwada nau'o'in fumfuna 15 da na bakteriya 19 da aka samo daga ƙasar tsaunuka da yankunan ƙanƙara. Da yawansu sun ci robobin da dama an ƙera su don su ruɓe, amma bayan kwana 126 babu ko ɗaya da ya taɓa foliyetilin. A 2024 wata cibiyar binciken teku ta ƙasar Holan ta sami wata fumfunar teku mai suna Parengyodontium album da take cin foliyetilin, da sharaɗin rana ta fara dukan ledar, kuma abin da take ci a yini bai wuce kimanin kashi 0.05 cikin 100 ba. Idan aka yi lissafi, ko da aikin ya ɗore a haka babu tsayawa, sai an haura shekara 5 kafin ɗan fallen leda ya ƙare, kuma wannan a ɗakin gwaji ke nan.

Daga ɗakin gwaji zuwa jigawa

A ɗakin gwaji ana ba fumfuna laima da ɗumin da take so dare da rana, babu wata halitta da take gasa da ita, kuma ba a ba ta wani abinci sai robar. A gonakin Agiye kuwa ruwan sama na wata uku ne zuwa huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, sauran watannin ƙasa a bushe take ƙamas, ga zafin bazara da kan haura digiri 40. A irin wannan yanayi fumfuna kwanciya take yi ta jira damina. Idan damina ta zo kuma, ga kara ga kashin shanu masu sauƙin ci, babu abin da zai kai ta ga leda.

Abin da yake faruwa a zahiri shi ne rana tana yin nata aikin, fumfuna ba ta kammala nata. Leda takan marmashe ta zama ɓurɓushi ƙanana da suke gauraya da rairayi, manomi ya ga kamar ta ɓace, alhali tana nan, sai dai yanzu ba ta tsintuwa. An gudu ba a tsira ba ke nan. Irin wannan dalili ne ya sa Tarayyar Turai ta haramta wata leda da ake zuba wa sinadari don ta yi saurin marmashewa, haramcin da ya fara aiki a 2021, bayan an lura cewa marmashewa daban, ruɓewa daban. Akwai dai robobin da aka tabbatar ƙasa tana cinyewa, kamar wadda ake kira PBAT, da masana a birnin Zurik suka bi diddiginta a 2018 suka ga ƙananan halittun ƙasa, har da fumfuna, sun mayar da kabon ɗinta iska da naman jikinsu. Sai dai ta fi ledar da muka saba da ita tsada.

Akwai kuma wani hanzari. Dangin Aspergillus da ake yabo wajen cin roba, a cikinsu ne ake samun Aspergillus flavus, mai haifar da gubar afalatoksin a gyaɗa da masara, gubar da take lalata hanta, wadda ta kashe mutum 125 a ƙasar Kenya a 2004. Yankin da yake noman gyaɗa kamar Maraɗi ba wurin da za a watsa kowace irin fumfuna ba ne sai an tantance ta sosai. Ana iya yin hakan, domin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IITA da ke Ibadan ta tace nau'o'in da ba su da guba ta haɗa maganin Aflasafe da ake watsawa a gona, amma aiki ne da ya ci shekaru.

Kazalika ba kowace leda ce manomi yake so ta ruɓe ba. Buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, aka fara yaɗa shi a 2007 tare da masu binciken cibiyar INRAN ta Maraɗi, leda biyu ne na foliyetilin a cikin buhun saƙa. Da shi ne manoma suke ajiye wake watanni ba tare da zuba maganin ƙwari ba, domin rashin iska yana kashe ƙwarin. Amfaninsa ya dogara ne a kan taurin kan nan na leda da ake kuka da shi. Shi ya sa masana da dama suke ganin cewa idan wannan fasaha ta nuna, wurinta shi ne keɓaɓɓen wurin sarrafa shara, inda za a tara roba a gasa ta a zuba mata inzayim a cikin tankuna.

Doka tana nan, leda tana nan

Gwamnatin Nijar ba ta jira fumfuna ba. A ranar 5 ga Nuwamba, 2014 aka kafa doka mai lamba 2014-63 wadda ta haramta ƙerawa da shigowa da sayarwa da amfani da kuma ajiye ledoji marasa kauri. Amma duk wanda ya shiga kasuwar Cadawa ko ta Tibiri ya san cewa mai tumatir da mai ƙuli-ƙuli da mai fura duk a leda suke ƙulla wa mai saye. Dalilan a bayyane suke: leda tana da araha, iyaka da Nijeriya doguwa ce, kuma ba a samar wa ɗan kasuwa wani abu mai sauƙin kuɗi da zai maye gurbinta ba. Ƙasar Ruwanda da ta haramta leda a 2008 da Kenya da ta bi sahu a 2017 sun ga canji ne saboda sun tsaurara a bakin iyaka da kasuwanni. A matakin duniya kuwa, a Maris 2022 ƙasashe suka amince a Nairobi cewa za su ƙulla yarjejeniyar yaƙi da sharar roba, amma taron Busan na ƙarshen 2024 da na Janeba na Agustan 2025 duk sun watse ba a cim ma matsaya ba.

Abin da ke hannun jama'a

Tunda rigakafi ya fi magani, matakin farko shi ne a tsince leda daga taki tun a juji kafin a loda amalanke, domin abin da yara biyu za su tsince a yini guda, idan ya shiga gona ya marmashe babu mai iya fitar da shi. Wanda ya haƙa rami ya tara taki yana yayyafa masa ruwa, ya ba fumfuna laimar da take buƙata ta yi aikin da ta ƙware a kai, wato ruɓar da kara da ganye da kashin dabbobi. Ya kamata kuma a rabu da al'adar hura wuta da leda ko ƙona ta a tsakar gida, saboda hayaƙinta yana cutar da ƙirji, mata da ƙananan yara ne kuma suka fi shaƙarsa. Kwando da jakar kaba, waɗanda matan yankin Gulbin Kaba suka gwanance wajen saƙawa, da ƙwarya da kwanon gida, duk suna nan ba su daina aiki ba, sayensu kuma kuɗi ne da zai zauna a ƙauye.

Akwai rawar da masana na gida za su taka. Nau'in da aka samu a Islamabad daga juji aka tono shi, wurin da leda ta daɗe tana cuɗanya da ƙasa. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗanƙulodo ta Maraɗi da cibiyar INRAN da ke Tarna suna kewaye da tsofaffin jujin da suka shekara da shekaru suna shan rana da leda, kuma fumfunar da ta saba da zafi da farin Sahel ta fi wadda za a ɗauko daga wata nahiya dacewa da wannan ƙasa. Irin wannan bincike yana buƙatar kayan aiki da kuɗi da haƙuri, kuma nauyin samar da su yana kan hukuma da masu hannu da shuni.

Mutanen Ɗan Saga da maƙwabtansu sun riga sun nuna cewa ƙauye yana iya kafa doka a kan itatuwansa ya kuma tsare ta. Idan masu gari da limamai da shugabannin kasuwa da ƙungiyoyin mata na Agiye da Gazawa da Gidan Rumji suka ɗauki batun leda da irin wannan muhimmanci, za a rage wadda take shiga gona tun daga rani mai zuwa, kafin masana su kammala nasu aikin.